Kogin Kaduna da arzikin da muka juya wa baya

Duk garin da Allah Ya ajiye a bakin ruwa, Ya yi masa gatan da ba kowane gari ke samu ba. Kaduna kuwa har sunanta daga ruwa ta samo shi, domin wasu na cewa jam'in kalmar kada ne, saboda yawan kadojin da aka taras a kogin, wasu kuma na cewa kalmar Gbagyi ce mai nufin kogi. Ko wace magana aka ɗauka, a bakin ruwa za ta ajiye mutum. Wannan kogi ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya zuba a Kwara a ƙasar Nupe, kuma albarkacinsa da na layin dogo Turawan mulkin mallaka suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita nan a 1917. Amma mu mazauna tsallaken kudu, daga Kakuri da Makera da Nasarawa zuwa Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, mafi yawanmu ba mu san shi ba sai ta tagar mota idan muna haye gada. Sau biyu kawai muke tunawa da shi: ranar da ya cika ya shigo wa mutane gidaje, kamar yadda ya yi a 2003 da 2012, da kuma ranar da aka ce ya ci wani yaro. Hausawa suka ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum.

Abin da ya sa nake wannan tunani shi ne yadda wasu ƙasashen Afirka suka mayar da bakin ruwansu gonar da ake noma rani da damina. A arewacin Tanzaniya akwai Tafkin Manyara, wanda aka killace kewayensa a matsayin gandun namun daji na ƙasa tun 1960. Baƙi kan je can ne da niyyar ganin giwaye da dorinar ruwa da zakokin da suka yi suna wajen hawa bishiya. Sai dai a ƙofar gandun akwai wani gari mai suna Mto wa Mbu, wato Kogin Sauro da harshen Suwahili, kuma mutanen garin ba su yarda baƙo ya wuce su a cikin mota yana ɗaga masu hannu ba. Tun shekarun 1990 suka tsara yadda ɗan gari zai ja baƙi a ƙafa ko a kan keke, ya ratsa da su gonakin ayaba da fadamun shinkafa, ya kai su kasuwa da rumfunan masassaƙa da masu zane, sannan a zauna a gidan wata uwa a ci abincin da ta dafa da hannunta, a biya ta. A Tafkin Naivasha na Kenya kuma, matuƙin kwalekwale ne ke ɗaukar baƙi ya nuna masu inda dorina ke kwana da rana, da bishiyar da gaggafar ruwa ke sauka, da lokacin da take kawo wa kifi farmaki.

Idan mai karatu ya lura, zai ga cewa babban abin da waɗannan mutane ke sayarwa shi ne saninsu. Tafki na Allah ne, tsuntsu ma haka, ba wanda ya ƙera su. Abin da baƙo ke biya shi ne ladan mutumin da ya san sunan tsuntsun, ya san watan zuwansa da na tafiyarsa, ya kuma san labarin da kakanninsa suka bari a kansa. Wannan jari ne da ba ya bukatar rancen banki, kuma talakan bakin ruwa ya fi kowane mai digiri yawansa.

To, mu me muka rasa? A Jihar Yobe akwai Tafkin Nguru da mashigar Marma, wurin da ya zama na farko a Najeriya da aka sanya cikin jerin dausayoyin duniya na Yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Kusa da shi akwai Dagona a ƙasar Bade, inda tsuntsaye ke tsallako hamadar Sahara daga Turai su yi hunturu, har Yarima Philip na Ingila ya taka ƙafa ya je ya gani a 1989. A Kano akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. A Neja da Kwara akwai Gandun Tafkin Kainji mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,000. A tsallaken iyaka, kudu da Maraɗi, akwai Tafkin Madarunfa, wanda mutanen yankin ke cewa kaburburan waliyyai 99 ne ke kewaye da shi, ake kuma zuwa ziyara daga nesa. Mu ma a nan gida muna da madatsar Kangimi a Ƙaramar Hukumar Igabi, kan hanyar Jos, wadda aka gina domin ta riƙa ƙara wa Kogin Kaduna ruwa da rani, ta kuma taimaka wa noman ban ruwa. Dalibai nawa ne a makarantun Kaduna suka taɓa jin sunanta, balle su je?

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Argungu. Mutane da yawa sun ɗauki bikin kamun kifi na Matan Fada a matsayin gasar wanda ya fi kamo ƙaton giwan ruwa, alhali asalinsa sulhu ne. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan tsawon zamanin gaba da yaƙe-yaƙe tsakanin Sakkwato da Kabi. Kabawa suka duba abin da suka fi kowa iyawa, suka karrama baƙonsu da shi, wato su da wasannin ruwa da ake kira kabanci, irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa. Daga wannan karamci biki ya samo tushe, ya yi ta bunƙasa har Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na bil Adama a 2016. Ashe ruwa na iya zama wurin da abokan gaba ke ajiye makamai.

A Kaduna akasin haka ne ya same mu. Bayan rikicin watan Fabrairun 2000 da na watan Nuwamban 2002, kogin ya zama iyaka a zukatan mutane. Musulmi da dama suka kwashe kayansu suka koma arewacin kogi, Kiristoci da dama suka tsallako kudu, kowa yana neman inda zai yi barci da ido biyu rufe. Ni da nake zaune a wannan tsallake na ga yadda layi guda ya sauya fuska cikin 'yan watanni. Gidan da a da ake aiko mana da shinkafar Kirsimeti, mu kuma mu aika da naman layya, ya koma hannun wasu, tsofaffin maƙwabtan kuma sai dai a haɗu a wajen jana'iza ko a asibiti. Yaran da aka haifa bayan wancan lokaci yanzu sun zama magidanta da matan aure, kuma da yawansu sun tashi ba su da aboki ko ɗaya a ɗaya tsallaken. Wanda ba ka taɓa zama da shi ba, duk abin da aka faɗa maka a kansa za ka yarda. Shi ya sa nake ganin maganar raya bakin kogi ta wuce batun shaƙatawa, domin shi kaɗai ne fili a garin nan da ba na kudu ba ne, ba na arewa ba ne, kowa na da gaɓa guda.

Akwai kuma maganar abin sawa a baki. Kakuri da Makera a da su ne zuciyar masana'antun Arewa. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, UNTL da Arewa Textiles da Nortex suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975. Duk wanda ya san lokacin tashin ma'aikata a wancan zamani ya san yadda kekuna ke toshe hanya. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan waɗancan ma'aikata su ne yau ke tuƙa Keke Napep da acaɓa, wasu na haƙar yashi a cikin kogin, wasu kuma na zaman kashe wando a bakin titi. Abin takaicin shi ne masana'antun sun tafi da albashi, amma sun bar mana ɗabi'ar ɗaukar kogi a matsayin bola. A da ruwan rini ne ke kwarara ta magudanan Kakuri da Makera, yau kuwa leda ce da robobin lemo da baƙin man gareji da ƙazantar mahauta. Daga wannan kogi ake tace ruwan famfon da muke sha, da shi kuma ake ban ruwan alayyafo da latas da ke zuwa kasuwanninmu.

Kwanakin baya na zauna da wani dattijon masunci da ke gyaran birginsa a ƙarƙashin inuwa, ba nisa da gadar jirgin ƙasa. Na ce, "Baba, kifi iri nawa ake samu a ruwan nan?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ka ce iri nawa ake samu a da." Ya shiga lissafo mini tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da ragon ruwa da tsage da minjirya da giwan ruwa, yana faɗin inda kowanne ke fakewa, da irin kayan da ake kama shi da su, ko ƙugiya ko mali ko taru. Ya ce in ruwa ya sauya launi ya san an yi ruwan sama a wajen Jos tun kafin rediyo ya faɗa, in ya ga shamuwa ta sauka kuma ya san lokacin gyaran jirgi ya yi. Na tambaye shi wa ya koya wa wannan cikin 'ya'yansa. Ya ce ba ko ɗaya, domin sun ce sana'ar ba ta ciyar da gida, kuma bai ga laifinsu ba. A Naivasha irin wannan dattijo shi ne malamin da baƙi ke bin layi su saurara. A nan kuwa ranar da ya kwanta dama, ilimin zai bi shi kabari.

Ba wani abu mai wuya nake hange ba. A Lambun Gamji, wanda ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina, akwai gadar ƙafa ta Lugga da aka gina a Zungeru a 1904, aka kwance ta aka kawo nan a 1954. Daga nan za a iya fara wa yara tarihin garin. Da rani, lokacin da ruwa ya kwanta, duwatsu suka fito, masunta na iya ɗaukar baƙi a kwalekwale da sanyin safiya, su nuna masu zalɓe da balbela da kirinjijiya, su gwada masu jifan birgi, su bayyana masu bambancin bado da kainuwa. A gaɓar kudu mata su kafa rumfuna masu tsafta, wata na tuya waina, wata na dama gwaten acca, wata na gasa kifi da yajin cittar Kaciya. Matan Gbagyi, waɗanda kakanninsu ne suka riga kowa zama a wannan ƙasa, su nuna ginin tukwane, sana'ar da ta kai hoton Ladi Kwali bayan takardar Naira 20. Wanda ke da hali ya ƙarasa Kangimi ya wuni, ko ya shiga gidan tarihi na kan titin Ali Akilu ya ga sassaƙen yumɓu na Nok. A cikin wannan zagaye Bahaushe da Banufe da Bajju da Atyap da Gbagyi kowa na da abin nunawa, kowa kuma na da abin samu.

Na san mai karatu zai ce, wa zai zo yawon buɗe ido a ƙasar da ake satar mutane? Gaskiya ne. Gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, ya shafe shekaru yana hannun 'yan bindiga. Sassan Gandun Kainji ma sun zama maɓoyar miyagu. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 har yanzu bai bar zukatan jama'a ba. Wanda ya ce Bature zai bar Nairobi ya taho Kakuri a wannan hali yana yaudarar kansa. Amma ni baƙon da nake nufi yana cikin garin nan. Shi ne ɗalibin firamare da ke karanta sunan kogi a littafi bai taɓa tsoma hannu a ciki ba, da ma'aikaciyar da ba ta da wurin kai 'ya'yanta ranar Asabar sai kantin zamani, da iyalan da ke cika Gamji da bikin Sallah da na Kirsimeti har a rasa masaka tsinke, da ɗan Abuja da ya zo ɗaurin aure yake da awa uku a hannu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sannan wurin da jama'a ke kai da kawo a cikinsa ya fi wuyar zama mafakar ɓata-gari a kan wurin da aka bar wa ciyawa.

Wani kuma zai ce irin waɗannan wurare su ne ke zama matattarar baɗala, giya da tsiraici da lalata tarbiyya. Wannan tsoro yana da dalili, domin mun ga wuraren shaƙatawa da suka rikiɗe suka zama abin da ba uban da zai kai 'yarsa. Amma ai mai gida ne ke shimfiɗa tabarma, shi ke faɗin inda baƙo zai zauna. Argungu ta shafe shekaru fiye da 80 tana karɓar baƙi daga ko'ina cikin duniya, ba ta sayar da mutuncinta ba. Madarunfa ma wurin ziyarar masu ibada ne. Idan masu unguwanni da limamai da fastoci da iyaye mata na cikin waɗanda suka tsara dokar wurin tun farko, a kuma rufe shi da faɗuwar rana, babu dalilin da zai sa ya zama abin kunya. Duban halittar Ubangiji da yin tunani a kanta abu ne da addinan nan biyu suka yi horo da shi.

Abin da ni ya fi ba ni tsoro daban ne, shi ne kada a raya bakin kogi a kori masu shi. Mun ga yadda a 2022 aka yi arangama a Loliondo ta Tanzaniya, lokacin da hukuma ta shata filin kiwon Masai domin keɓe shi ga namun daji da masu farauta. A gida ma mutanen tsohuwar Bussa sun bar garin kakanninsu a ƙarƙashin ruwa domin a gina madatsar Kainji da aka kammala a 1968. Mun san halin ƙasarmu: da zarar an ce wuri na da daraja, sai masu hannu da shuni su zo da takardar mallaka, a kewaye shi da katanga, masunci da mai lambu su koma leƙe ta ƙofa. Idan haka za a yi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dole ƙungiyoyin masunta da na masu lambu da na mata masu abinci su zama masu hannun jari, a rubuta rabonsu a takarda tun kafin a kafa tubali na farko.

Haka kuma ba za a yi wasa da rai ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai a Jihar Kano, mutane da dama suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya. A watan Mayun 2021 wani jirgin ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi ɗauke da mutum fiye da 100. A irin waɗannan haɗurra dalilan kusan iri ɗaya ne: lodi fiye da ƙima, tsohon jirgi, da rashin rigar kariya. Kogin Kaduna kuwa yana da duwatsu da ramukan da masu haƙar yashi suka bari. Saboda haka ba yaron da zai shiga kwalekwale sai da rigar kariya, ba jirgin da zai ɗauki fiye da adadin da aka rubuta a jikinsa, ba kuma wanda zai shiga ruwa da baƙi tsakanin Yuli da Oktoba. Gwanayen ninƙaya daga cikin 'ya'yan masunta su ne za a horar a ɗauka aikin ceto, wannan ma wata ƙofar abinci ce.

Ga gwamnati, roƙona shi ne kada ta fara da katafaren otal. Kano ta gwada a Bagauda, inda aka gina otal na gani na faɗa a bakin tafki, daga baya ya durƙushe, har wurin ya koma harabar Makarantar Horar da Lauyoyi. Gini ba shi ke riƙe wuri ba, mutanen da abincinsu ya rataya a kansa su ke riƙe shi. Abin da ake bukata daga hukuma kaɗan ne: a tare shara a bakin manyan magudanai kafin ta faɗa kogi, a hana zuba man gareji da ƙazantar mahauta, a shata wuraren da aka yarda a haƙi yashi, a yi matakala da makewayi da fitilu a wuri biyu ko uku a kowace gaɓa, a kuma hana gini a hanyar ruwa ba tare da duban fuskar kowa ba. Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ke da reshe a Barnawa, za su iya tura ɗalibansu su zauna da dattawan masunta, su rubuta sunayen kifaye da tsuntsaye da tsirrai cikin Hausa da Gbagyi da Nufanci, tun masu sanin suna raye. Aikin kammala karatu irin wannan ya fi wanda ake kwafowa daga intanet amfani nesa ba kusa ba.

Sauran aikin namu ne. Shugaban makaranta a Barnawa zai iya tuntuɓar takwaransa na Unguwar Rimi ko Kabala, su haɗa ɗalibansu rana guda a bakin kogi, su tsince leda tare, su saurari masunci tare, su ci abinci a faranti ɗaya. Ƙungiyoyin matasan masallaci da na coci za su iya shirya tseren kwalekwale sau ɗaya a shekara, a kuma gauraya 'yan wasan yadda kowane jirgi zai ɗauki 'yan gaɓa biyu. Wannan bai kai kuɗin da ake kashewa a taron zaman lafiya na kwana guda a ɗakin otal ba, kuma yaron da ya tuƙa jirgi ɗaya da wani zai yi wuya ya ɗauki makami a kansa gobe. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana. Allah Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.